Yadda muka kafa gidan rediyon karkara a arewacin Maraɗi

A shekarar 2003 ina koyarwa a makarantar firamare ta wani gari mai kasuwar mako a ƙasar Dakwaro, arewa da Maraɗi, a yankin da gonakin gero suke ƙarewa dajin kiwo yake farawa. A wannan shekara ce mutanen garin suka ɗora mini aikin magatakardan ƙungiyar da za ta nemi izinin buɗe gidan rediyo, domin ina cikin 'yan kaɗan da suke iya rubuta takardar hukuma da Faransanci. Na riƙe littattafan ƙungiyar tun daga taron farko har zuwa lokacin da aka canza mini wurin aiki, saboda haka abin da zan bayyana a nan da idona na gan shi, yawancinsa kuma da hannuna na rubuta shi.

Garinmu bai rasa abin saurare ba kafin wannan lokaci. Kowane magidanci mai ɗan hali yana da akwatin rediyo mai gajeren zango, yana kama BBC da Muryar Amurka da Jamus, da dare ya juya Rediyon Kaduna, ga kuma Muryar Sahel daga Yamai. Bahaushen garinmu yana iya ba ka labarin yaƙin Iraƙi filla-filla, amma babu tasha ko ɗaya da za ta gaya masa nawa aka sayar da tiyar gero a kasuwar da ke kusa da shi, ko ranar da masu allurar rigakafi za su iso. Fulani da Abzinawa da muke zaune tare da su kuwa, rabonsu ya fi namu ƙanƙanta nesa ba kusa ba, domin ɗan lokacin da gidan rediyon ƙasa yake ware wa Fulatanci da Tamajak kaɗan ne, kuma maganar da ake yi a cikinsa ta ƙasa baki ɗaya ce, ba ta rijiyarsu da burtalinsu ba. Bayan babban taron ƙasa na 1991 an ba masu zaman kansu damar buɗe tashoshi, tashar R&M ta fara a Yamai a 1994, Anfani ta biyo baya a 1995, sai dai waɗannan na birane ne, zangon FM ɗinsu ba ya isowa inda muke.

Abin da ya buɗe wa karkara ƙofa shi ne tashar da aka kafa a Bankilare, cikin yankin Tera, a 1999, da tallafin hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya da ƙungiyar SNV ta ƙasar Holan da cibiyar nazarin yanayi ta ACMAD mai mazauni a Yamai. Ƙaramar tasha ce mai aiki da hasken rana, mutanen garin ne suke tafiyar da ita da harsunansu. Daga nan aka tsara shirin RURANET, da burin kafa irinta 160 a faɗin Nijar, ashirin a kowace jiha. Da labarin ya iso mana, wani dattijo ya tuna mana cewa shi ya zauna a ƙungiyoyin masu sauraro da aka kafa tun 1962, inda ake taruwa a saurari shiri, a tattauna, a ɗauki maganar mutane a faifai a aika Yamai. Ya ce bambancin kawai shi ne yanzu makirufon zai kwana a garinmu.

Matakin farko shi ne kafa ƙungiya, domin ba a ba mutum ɗaya izinin rediyon al'umma, ko da sarki ne. An yi taron farko a ƙofar fada bayan sallar la'asar. Manoma da 'yan kasuwa da malamai sun cika wurin, mata sun zauna can gefe, amma daga rugage da zangon Abzinawa babu wanda ya zo, saboda sanarwar da aka yi a masallacin Juma'a da bakin sankira ba ta wuce ganuwar gari ba. Jami'in shirin da ya zo daga Maraɗi ya faɗa mana a fili cewa taron da babu makiyaya a cikinsa ba zai karɓu ba. Sarki ya sa aka ɗaga zaman zuwa ranar kasuwa, ya aika wa Arɗo da shugaban Abzinawa manzo na musamman da goro, kamar yadda ake gayyatar manya. A zama na biyu ne aka zaɓi kwamitin gudanarwa, aka sa wakilan Fulani da na Abzinawa a cikinsa, aka kuma damƙa ajiyar kuɗi a hannun shugabar ƙungiyar mata masu adashi, wadda kowa ya shaida ba a taɓa jin dala ɗaya ta ɓace a wurinta ba.

Aikin takardu ya ɗauki watanni amma hanyarsa a bayyane take. Na rubuta tsarin mulkin ƙungiya da dokokin cikin gida da rahoton taron da aka yi zaɓe, bisa dokar ƙungiyoyi ta 1984, muka miƙa ta ofishin superefe, wato jami'in gwamnati mai mulkin yankinmu, zuwa ma'aikatar cikin gida. Da takardar amincewa ta fito, sai muka haɗa wata buƙatar zuwa hukumar sadarwa ta ƙasa, CSC, wadda a lokacin take ba da izinin watsa shirye-shirye da mitar da za a kama tasha. Sharuɗɗan da muka sa wa hannu su ne tashar ba ta neman riba ba ce, ba ta jam'iyya ba ce, ba kuma ta wata ɗariƙa ko ƙungiyar addini ba ce. Kowace takarda sai da na karanta ta da Hausa a gaban kwamiti, wani ya mayar da Fulatanci, wani da Tamajak, kafin kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa.

Masu tallafi sun ɗauki nauyin na'urori da horarwa, gini kuwa namu ne. Sarki ya ba da fili a kan tudun da ke gabashin gari, domin an bayyana mana cewa muryar FM a miƙe take tafiya, iyakar tsawon eriya iyakar nisan da za ta kai. Samari sun buga tubali, mata sun ɗebo ruwa, magina sun tayar da ɗaki biyu, ɗaya na watsa shirye-shirye ɗaya na batura da baƙi. Kuɗin siminti da ƙofar ƙarfe da tagogi su ne suka gagare mu, har sai da Arɗo ya turo tumaki da awaki da aka tara daga rugage, Abzinawa su ma suka kawo nasu, aka sayar ranar kasuwa. Na rubuta kowace dabba da sunan rugar da ta fito a littafin ƙungiya, kuma wannan shafi ya yi amfani daga baya fiye da yadda kowa ya zata.

Kayan sun iso a mota ɗaya: na'urar watsa murya mai ƙarfin wat 30, da na'urar haɗa sauti, da makirufo, da rikodojin kaset, da farantan sola da baturansu, da ƙarafan turken eriya, da kuma rediyon WorldSpace mai kamo shirye-shirye da bayanan yanayi daga tauraron ɗan'adam. Masu haɗawa sun nuna mana yadda ake share ƙura daga farantan kowace safiya, musamman lokacin hunturu, da yadda ake duba ruwan batir, da dalilin binne sandar tagulla a ƙasa saboda tsawa. Sun ja kunnenmu ƙwarai a kan abu guda, wato kada a riƙa zuƙe batura har su mutu, domin batirin da aka saba yi wa haka ba ya daɗewa. Lissafin da suka yi ya nuna wutar da muke da ita ba za ta ɗauki fiye da 'yan sa'o'i da safe da 'yan sa'o'i da dare ba.

Neman masu gabatarwa da Hausa bai ba mu wahala ba, domin samarin da suka bar makaranta suna ta rububi. Na Fulatanci da Tamajak ne muka sha nema, saboda sharaɗin da aka fara sawa na iya karatun boko ya fitar da kusan duk wanda makiyaya suke jin maganarsa. Kwamiti ya janye sharaɗin. Muka sami wani Bafulatani mai sayar da maganin dabbobi wanda yake rubuta bayanansa da ajami, da wata Ba'abziniya mai dogon tunani wadda take rubuta nata da Tifinag, rubutun da ta koya a wurin mahaifiyarta. A wajen horarwa an koya musu yadda ake tsara shiri, da yadda ake yi wa mutum tambaya a bar shi ya gama maganarsa, da yadda ake riƙe rikoda a cikin iska. Ita wannan baiwar Allah ba ta taɓa shiga aji ba, amma ita ce ta fi kowa iya tsayar da magana daidai lokacin da aka ba ta.

Sai muka zo kan jadawalin shirye-shirye, wanda shi ne ya fi kowane mataki wuya, kuma a ganina shi ne ainihin kafa tashar. Kowa ya san lokacin da ake sauraro shi ne daga bayan magariba zuwa bayan lisha, sa'ad da manomi ya dawo, makiyayi ya ɗaure dabbobinsa, mace ta sauke tukunya. Jadawalin da aka fara kawowa gaban kwamiti ya ba Hausa wannan lokaci gaba ɗaya, ya ajiye Fulatanci da Tamajak da hantsi. Masu goyon bayansa ba mugaye ba ne, hujjarsu ita ce Hausawa sun fi yawa, kuma duk Bafulatanin da yake cin kasuwarmu yana jin Hausa.

Arɗo ya saurara har aka gama, sannan ya juya wajen sarki ya ce: “Ranka ya daɗe, da hantsi muna bakin rijiya, hannunmu yana kan igiyar guga, matanmu suna kan hanyar kawo nono gari. Wa zai kunna rediyo a lokacin? Hausar da nake ji ta ciniki ce. Uwar 'ya'yana ko ita ba ta da ita, kuma ita ce take kwana da yaro idan zazzaɓi ya kama shi.” Shugaban Abzinawa bai ƙara komai ba sai tambaya ɗaya, ya ce yana so magatakarda ya karanta wa jama'a sunayen waɗanda suka sayi ƙofar da za a rufe ɗakin da ita. Sarki ya dube ni ya ce: “Malam, karanta.” Na buɗe littafi na karanta ruga bayan ruga.

Ina ganin maganar Arɗo ta fi ƙarfin a amsa ta da yawan jama'a. Wanda ya iya taya saniya da Hausa ba lalle ne ya fahimci bayanin yadda ake haɗa ruwan gishiri da sukari ga yaro mai gudawa ba, kuma kuskure kaɗan a irin wannan bayani yana iya cin rai. Ban da haka, dokar da aka yi a 2001, wadda take aiki a lokacin, ta lissafa harsunan ƙasa guda goma, Fulatanci da Tamajak suna cikinsu daidai da Hausa, ba a ce wani na dare ne wani na hantsi ba. Mu da muke da tashoshin duniya da harshenmu safe da yamma, bai dace mu ƙwace ɗan lokacin da ya rage wa waɗanda ba su da kowa ba. An yi zama fiye da ɗaya kafin a daidaita, wasu sun fita cikin fushi, wani ɗan kasuwa ma ya janye alkawarin gudummawar da ya yi. Abin da aka tsayar a ƙarshe shi ne a raba darare, Fulatanci ya sami nasa Tamajak ya sami nasa a tsakiyar lokacin sauraro, sannan duk wata sanarwa da ta shafi lafiya ko kasuwa ko hukuma a karanta ta da harsuna uku kowace rana, ko da hakan zai rage lokacin kiɗa. Daga baya Fulanin Woɗaɓe, waɗanda suke saukowa yankinmu da rani, suka nemi a riƙa sa muryoyinsu da waƙoƙinsu su ma, domin lafazinsu da al'adunsu sun bambanta da na Fulanin da suka zauna kusa da gari, aka ware musu wani ɓangare a cikin daren Fulatanci.

Mun fara watsa shirye-shirye a farkon 2004. Muka tura samari a kan babura da amalanke ta kowace kusurwa da ƙananan rediyo domin su gano inda murya take tsayawa, suka dawo da labarin cewa ta fuskar fili tana wuce kilomita ashirin, ta fuskar tuddan rairayi kuwa tana yankewa kafin nan. Sai wata matsala ta bayyana, wato yawancin tsofaffin akwatunan garin ba su da zangon FM. 'Yan kasuwa suka yi maza suka cika rumfuna da ƙananan rediyo masu araha daga Maraɗi da Jibiya. Duk da haka rediyo da kuɗin batir a hannun maza suke, idan maigida ya fita da akwatinsa yake fita. Rediyoyin Freeplay da ake wanawa da hannu ko a ajiye a rana, waɗanda ba sa bukatar batir, su ne suka warware wannan, kuma kwamiti ya yanke cewa 'yan kaɗan da muka samu a ba ƙungiyoyin mata na unguwanni da rugage, kowace da sunan wadda za ta riƙe.

Kuɗin tafiyar da tasha daga sanarwa yake fitowa, ta biki da suna da rasuwa, da katin gaisuwa, da cigiya. Ba a jima ba littafin ma'aji ya nuna cewa cigiyar dabbobi ce ta fi kawo kuɗi. Makiyayin da raƙuminsa ko sansa ya ɓace a da sai ya yi kwanaki yana bin kasuwanni da rijiyoyi yana tambaya. Yanzu sai ya zo ya biya dala ɗari, ya faɗi launin dabbar da lalas ɗin da ke jikinta da yankan kunnenta da inda aka gan ta a ƙarshe, a karanta da harsuna uku. Sau da yawa manomi ne yake zuwa washegari ya ce tana ɗaure a gidan mai unguwarsu. Mutanen da aka so a tura hantsi su ne suka zama masu biyan kuɗin ruwan batir da kaset.

Shirin da na fi alfahari da shi shi ne na lokacin kaka. Duk wanda ya girma a jihar Maraɗi ya san abin da ya faru a Toda a watan Oktoba na 1991, inda rikicin manoma da makiyaya ya ci rayukan Fulani fiye da ɗari, yawancinsu mata da yara. Dokar karkara ta 1993 ta tanadi burtali da wuraren kiwo da hanyoyin sasantawa, hukuma kuma tana tsayar da ranar sakin gonaki kowace shekara, wato ranar da ake barin dabbobi su shiga gonaki bayan girbi, amma sau da yawa labarin ranar ba ya isa ga makiyayi sai ta bakin wanda yake jayayya da shi. Muka riƙa sanar da ranar tun da sauran lokaci, kowane dare, da kowane harshe. Muka kuma riƙa zaunar da wakilin manoma da na makiyaya a gaban makirufo ɗaya, kowa ya yi magana da harshensa a fassara wa ɗayan, su faɗi burtalin da aka nome da gonar da aka yi wa ɓarna ba tare da kama sunan kowa ba. Rikici bai ƙare ba, amma babu wanda ya sake zuwa fada ya ce bai ji ranar ba. Haka muka yi a zaɓen ƙananan hukumomi na watan Yulin 2004, wanda shi ne na farko irinsa: mun bayyana yadda ake jefa ƙuri'a da aikin kansila da magajin gari, mun kuma hana kowane ɗan takara makirufo, har da waɗanda suka taimaka wajen gini.

Shekarar 2005 ta gwada mu. Fara da ƙarancin ruwa sun lalata daminar 2004, abinci da ciyawa suka yi wuya tare, kafin tsakiyar damina buhun gero ya kai wajen jaka 30 a wasu kasuwanni, shanu kuma suna faɗuwa a yankinmu har ana sayar da su a wulaƙance. A wannan lokaci tashar ta yi aikin da aka kafa ta dominsa, tana faɗin inda ake sayar da hatsi da rahusa, da ranar rabon taimako, da inda ake karɓar yara masu tamowa, da alamomin da uwa za ta duba a jikin ɗanta. Matan rugage da yawa da suka kai 'ya'yansu wurin jinya sun ce a daren Fulatanci suka ji. Amma a daidai lokacin ne kuɗin shiga ya tsaya cik, domin mai yunwa ba ya sayen katin gaisuwa, kuma wanda garkensa yake mutuwa ba ya cigiya. Masu gabatarwa, waɗanda dama aikin sa kai suke yi, wasunsu suka tafi ci-rani Nijeriya. Saboda yawan sanarwa muka riƙa wuce lokacin da aka ƙayyade mana, ga hadari yana rufe rana, batura suka raunana har suka daina riƙe wuta. Tashar ta yi shiru, kuma babu ko dala a asusu da za a sayi wasu.

Bayan girbin 2005, wanda ya yi kyau, aka sake kiran babban taro. Manoma suka kawo dammunan gero, makiyayan da suka tsira da wani abu suka kawo awaki, aka sayar aka sayo batura a Maraɗi. Taron ya ƙara dokoki uku a cikin dokokinmu na cikin gida. Daga kowane kuɗin da ya shigo za a cire wani kaso a ajiye domin batura kaɗai, ba a taɓa shi ko da wane dalili. Za a riƙa ba masu gabatarwa ɗan alawus duk wata, komai ƙanƙantarsa. Sannan kowane harshe sai an horar masa da mutum biyu aƙalla, domin mun ga yadda daren Tamajak ya mutu ɗungurungum lokacin da mai gabatar da shi ta bi danginta arewa neman ciyawa, alhali Hausa tana da masu canji da yawa.

Wannan doka ta uku ce ta fi wuyar cikawa, saboda makiyayi ba ya zama wuri ɗaya shekara guda. Dabarar da muka samu ita ce mu ba waɗanda suke tafiya rikoda da kaset, su ɗauko hira a rijiyoyi da mashekari, su aiko ta hannun direbobin motocin kasuwa, wanda yake gari kuma ya sa a iska. Lokacin da takardar canjin wurin aikina ta zo a 2007, wayar salula ta fara shigowa yankin, masu sauraro sun fara kira daga rugage maimakon aiko saƙo, kwamiti kuma yana horar da wata yarinya Ba'abziniya da ta gama firamare a ajina domin ta zama ta biyu a daren Tamajak. Na miƙa littattafai da hatimi da takardar izini ga sabon magatakarda a gaban sarki da Arɗo da ma'aji, aka ƙirga abin da ke asusun batura, kowa ya sa hannu.